Nauyin Muhtari Wanzami

Tun da Muhtari Wanzami ya zo duniya ba a taɓa yi masa tambayar rashin kunya irin wadda 'yarsa Kubura ta yi masa ta waya daga Kaura Namoda ba. Wai kilo nawa ne shi.

"Kilo? Ni?" Ya ɗauke wayar daga kunne ya harare ta, sannan ya mayar. "Ke Kubura, buhun gero na ni ko ragon layya?"

"Ba tambayata ba ta, Baba. Baban Mardiyya na. Ya ce ƙarhen nan ba a ɗaura shi sai an san nauyin mai hawa."

"To shi bakinai ciwo shikai?"

"Haba Baba, ka san ba shi iyawa."

Ya sani mana. Haladu mijin Kubura, uban Mardiyya, mai gyaran keke a bakin tashar Kaura, shekara goma sha huɗu da auren bai taɓa ɗaga ido ya dubi surukinsa ba. In ya zo gaisuwa Moriki, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaida ƙasa, ya tashi. Muhtari yana son wannan hali, har fariya yake yi da shi a majalisa. Ashe mai kunyar kallon fuskarka yana iya aiko mace ta tambayi nauyinka.

Ga yadda aka yi har aka zo nan. Shekara arba'in da wani abu Muhtari yana bisa baƙin kekensa na dauri, zabira rataye a kafaɗa, yana zaga ƙauyukan da ke tsakanin Moriki da Badarawa. Askin suna, cire beli, ƙaho, kaciya in sanyi ya shigo. Akwai gidajen da ya aske uba ranar sunansa, ya aske ɗa, yanzu jika ake jira. Da kowa ya koma babur shi bai koma ba, da hanya ta ɓaci kuma, mai babur ya zama abin zargi a wani wuri abin farauta a wani, tsoho mai keke da zabira ya ci gaba da wucewarsa. Sai ƙugu ya soma. Kowane rami ya taka sai ya ji shi har cikin haƙora. Da ƙaramar Sallah Kubura ta gan shi yana tashi daga tabarma da dafa bango, ita kuwa ma'aikaciyar asibiti ce, idonta ba ya barin abu ya wuce. Nan take ta yanke hukunci: a jingine keke, ya koma Kaura wurinta, ta share masa ɗaki.

Ɗaki! Namiji da sana'arsa ya tare gidan suruki, ana miƙo masa kunu ta ƙofa, jikoki na leƙensa. Haladu ne ya cece shi, shi ma ta bakin matarsa. Ya ce akwai wani ƙarfen sirdi mai sifirin a cikinsa, in an faɗa rami shi ke shanye dukan, ba ƙugun mutum ba. Kubura ta yarda a gwada. Amma ta ce in bai yi ba, maganarta tana nan daram.

"Baba, kana ji na? Nawa za ni ce mai?"

"Tamanin da takwas," in ji Muhtari, ya kashe wayar.

Ba ƙaga lambar ya yi ba, tsohuwar gaskiya ce. Shekara goma sha biyu da suka wuce Sanda mai hatsi, abokin wasansa, ya yi ta tsokanarsa har ya hau sikelin buhuna a kasuwa, allura ta tsaya kan tamanin da takwas, layin hatsi ya ɗauki sowa. A lokacin wuyansa har ninki yake yi.

Yanzu kuwa shi kaɗai ya san halin da yake ciki. Tun damunar bara jikinsa ke zubewa. Ƙishirwa ba ta sakinsa, fitsari ba ya barinsa ya zauna, yana ci amma kamar a rijiya yake zubawa. Ya sha duk saiwar da ya sani. Zariyar wando ta yi masa tsawo har ya yanke ta sau biyu, zoben azurfarsa ya naɗa masa zare don kada ya sulluɓe. Kullum sai ya sa singileti biyu, ya ɗora 'yar shara, ya ɗora taguwa, sannan ya rufe da babbar riga mai sitati, ko da ana zafin da kaza ke buɗe baki. Matarsa ta rasu shekara uku, babu mai ganinsa a tuɓe. In Kubura ta ji lambar gaskiya, ba sauran zancen sifirin, ranar zai kwana a Kaura.

Ranar Juma'a Haladu ya iso da ɗan kwali a hammata. Ya yi gaisuwarsa ta ƙasa, ya jawo keken gindin bedin ƙofar gida. Muhtari ya zauna a zaure yana wasa aska a fata, yana satar kallo.

Gaskiya yaron ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Tun zuwan Sallah ashe ya auna bakin bututun keken, don waɗannan ƙarafa kowane da kaurinsa, in ya yi siriri ya yi ta juyi, in ya yi kauri ya tsaga bututu. Ya ga iri biyu a hoto, mai gwiwa mai lanƙwasawa baya da miƙaƙƙe, ya zaɓi miƙaƙƙen saboda shi ne tsohon keke zai karɓa, aka taho masa da shi daga Kano. A cikin kwalin akwai sifirin uku, kowane da fenti a bakinsa: fari na marasa nauyi, ruwan ɗorawa na tsaka-tsaki, ja na ƙarti. Ya ɗauki jan ya zura, ya ɗaure da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen murɗa noti, ya shafa giris, ya tabbata layin gargaɗin da ke jikin ƙarfen ya shige ciki. Sannan ya ɗaga sirdin ya fi inda yake a da da faɗin yatsa biyu.

Saura gwaji. Da wani ne mai keken, da sai a ce hau, a tsuguna a bayansa a ga yadda ƙarfen ke nutsewa. Amma wa zai ce wa surukinsa hau, ya kuma tsuguna yana leƙen mazaunansa? Haladu ya hau da kansa, shi ma ba baya ba ne wajen jiki. Ƙarfen ya yi ƙasa a hankali.

"Baba," ya ce wa tabarmar zaure, "na ƙara mai tsawo yatsa biyu, don in an zauna shina nutsa yatsa biyu, sai shi koma daidai inda anka saba."

"Allah shi yi albarka," in ji Muhtari.

Sai da ya tabbata motar Kaura ta tashi sannan ya shigar da keken tsakar gida, ya tattare riga, ya hau. Ƙarfen ko gezau. Ya ɗaga ya faɗo da ƙarfi, ya ɗan motsa kamar mai jin kiwa, ya koma. Ya sa yatsa ya laluba. Babu yatsa biyu, babu rabin yatsa. Ƙarfen banza, ƙarfen da aka ƙera a wata uwa duniya, yau shi ke ƙaryata Muhtari Wanzami a tsakar gidansa!

Washegari akwai suna a wani ƙauye kusa da Badarawa, gidan da ba ya iya cewa a'a. Tafiyar ta zame masa azaba biyu. Duka yana nan yadda yake, ga shi sirdi ya ƙara tsawo, sai ya miƙe ƙafa ya karkata ƙugu kafin ya taɓo feda, dama da hagu, dama da hagu, kamar mai niƙa. Da ya isa sai da aka riƙe masa keken ya sauko. Da ya durƙusa zai aske jaririn, ya ji hannunsa na rawa. Ya tsaya, ya yi kamar yana addu'a, har hannun ya lafa. Ya yi askin lafiya, amma tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, tsoron kuwa ya juye ya zama haushi.

Mutane suka kewaye keken suna taɓa sabon ƙarfe mai walƙiya. "Wanzam, wanga hwa? Jirgi za ka mai da shi?"

"Ku bari kawai. Surukina na ya liƙa min. Wai sifirin. Taɓarya ta hi shi taushi."

Aka kwashe da dariya. Dariyar ta yi masa daɗi, sai ya ƙara gishiri a gida na gaba, ya ƙara a majalisa da ya koma Moriki. Me ya yi zafi? Wasa ne.

A ɓoye kuwa ya shiga neman dabara. Ya cika tsohon buhun gishiri da yashi ya ɗaure a kariya, ya hau, sai da ya yi zagaye uku a tsakar gida sannan ya gane kayan kariya ba ruwansu da sirdi. Ya kwance ya ɗaura a ƙugunsa ƙarƙashin riga. Ƙarfen ya ɗan yi ƙasa, ƙugun kuwa ya ce bai san zance ba, sai da ya yi kwana biyu yana salla a zaune. Ya nemi kwance ƙarfen ya canja sifirin da kansa, ga kwalin Haladu ya tafi da shi, ga notin wani irin noti mai rami wanda sifanarsa ba ta kamawa. Ya zagi ƙarfen, ya zagi wanda ya ƙera shi, ya haɗa da mutanen Kano.

Abin da bai lissafa ba shi ne direbobi. Magana in ta shiga motar Shinkafi ba ta sauka sai Kaura, kuma ba ta sauka yadda ta hau. Kafin mako ya zagayo, a bakin tasha ana cewa Haladu ya ɗaura wa surukinsa jabun ƙarfe har tsoho ya kwanta. Wani ya zo ya janye kekensa daga rumfar ana tsakiyar gyara. Wani ya ce wanda ya cuci uban matarsa, wa zai bari?

Ranar Asabar da hantsi majalisar gindin bedi ta cika, sai ga Haladu da kwalinsa, Kubura na biye da shi fuska a murtuke. Ta wuce zaure, ta gaida uban a tsaye-tsaye, ba ta ko rage murya ba.

"Baba, kai kac ce taɓarya ta hi shi taushi?"

"Wasa na."

"Wasan ya hana mai ci kwana ukku. Mutumen da yat tashi tsaye don kak ka rasa kekenka! Ni nac ce a jingine, shi yac ce a'a. Yau za a gwada gaban kowa. In ƙarhen na bai da kyau, shi ji kunyatai. In kuwa keke na ba ka iyawa, mota na jira."

Muhtari ya ji ransa ya ɓaci har kunnuwansa suka yi zafi. A gidansa, a gaban tsararrakinsa, 'yar da ya aske da hannunsa ranar sunanta take kafa masa sharaɗi. Ya fito ya tsaya bakin zaure ya baza babbar riga, don a san da mutum a ciki.

Haladu ya ajiye kwalinsa. Ya jingina keken da bedi, ya hau. Ƙarfen ya yi ƙasa yatsa biyu. Ya sauko.

"Kawo in ɗana," in ji Sanda mai hatsi, wanda ba a yin abu ba shi. Ya hau da tumbinsa, ƙarfen ya nutsa, ya yi ta sukuwa a kai yana dariya. "Kai! Wanga ai katihwa ta! Wanzam, mi kaka so kuma? Zo hau mu gani. Ko a ɗauko sikeli? Tamanin da takwas hwa, ni shaida na!"

Majalisa ta ɗauka. "Hau, Wanzam! Hau!"

Muhtari ya tako. Taku biyar ne tsakanin zaure da bedi, ya ji su kamar daga nan zuwa Zurmi. Ya kama kan keken, ya tattare riga da wando zai ɗaga ƙafa.

Haladu yana durƙushe gefen taya, kansa a sunkuye yadda ya saba. Shekara goma sha huɗu fuskar surukinsa ba ta gabansa, ƙafafun ne a gabansa, ya san su kamar yadda ya san sifanarsa. Yanzu ga su dab da hancinsa. Ƙwauri ya koma kamar karan dawa. Idon sawu ya fito tsuru. Maɗaurin takalmi an huda masa sabbin ramuka uku da basilla, duk da haka yana lilo.

Muhtari ya ga inda idon yaron ya tsaya. Ya ga hannunsa ya daina motsi.

"Dakata, Baba." Haladu ya riƙe tayar. Ya juya wajen majalisa. "Jama'a, ku gahwarce ni. Yanzu nit tuna. Laihina na. Wurin ɗauri na murɗe shi ya wuce ƙa'ida, shi ya sa wani lokaci shika cijewa. Baba na da gaskiya. Bari in gyara."

"To ka ji!" in ji wani. "Ashe dai da gaske na."

Haladu ya zare ƙarfen, ya juya wa mutane baya, ya buɗe kwali a tsakanin gwiwoyinsa. Hannunsa da sauri, amma Muhtari na tsaye a kansa, ya ga ja ya fito. Ya ga ya tsallake ruwan ɗorawa. Ya ga fari ya shiga. Ya ɗaure, ya mayar, ya goge giris da gefen rigarsa, ya ja da baya da gwiwa.

Muhtari ya hau. Ƙarfen ya karɓe shi a hankali, ya yi ƙasa yatsa biyu cif. Ƙafarsa ta sami feda ba tare da miƙa ba. Ya tura, ya bi ta kwararon da ruwa ya cinye, ya nufi ramin da ya fi tsana a bakin masallaci da gangan. Ramin ya wuce ta ƙarƙashinsa, ƙugu bai ji labari ba. Ya sake zagayowa ya taka shi. Shekara arba'in da wani abu, ashe haka ake hawan keke?

Da ya dawo majalisa na ta tafa masa. Shi kenan, ya ci. Keke nasa ne, hanya tasa ce, Kubura ta yi alkawari gaban kowa. Tana can bakin zaure, ba ta ga abin da aka zura ba. Sai ya ji Sanda yana cewa, "Amma Haladu ka ba mu kunya. Surukinka guda? Gobe a tasha sai ka yi bayani."

Haladu na durƙushe yana tattara alanki, yana cewa, "Haka na, Baba Sanda. Kuskure na."

Nan Muhtari ya ji wani haushi ya taso masa wanda ya fi na farko, ya fi na waya, ya fi na ƙarfe. Shi za a rufa wa asiri? Shi, wanda ya san asirin kowane gida daga nan har Badarawa bai taɓa fasa ko ɗaya ba, yau yaro ya tuɓe mutuncin sana'arsa ya lulluɓa masa kamar wani abin tausayi, shi kuma ya hau ya yi ta yawo a kai? Gobe ya taka rami ya ji taushi, ya san da abin da aka sayi taushin?

"Ƙarya shikai!" Muryarsa ta tsinke tafin. "Kai Sanda, rufe min baki. Yaron ga bai taɓa murɗe noti ba daidai ba tun da nis san shi. Ƙarya shikai, kuma ban sa shi ba!"

Ya sauko, ya fizge kwalin daga hannun Haladu, ya zazzage a ƙasa. Ja da ruwan ɗorawa suka gangaro.

"Ja yas sa ran Juma'a, don ni nac ce tamanin da takwas. Yanzu hwari yas sa. Ke, zo karanta musu na wa na hwarin, tunda ke kin yi boko."

Kubura ta zo ta ɗauki kwalin, ta duba gefensa. Ba ta karanta wa kowa ba. Ta ɗago ta dubi babbar rigar tun daga wuya har ƙasa, ta kama hannunsa, abin da ba ta yi ba tun tana yarinya, ta tura hannun rigar sama. Ta ga zoben da zarensa. Yatsunta biyu suka zagaye damtsen suka haɗu.

"Baba," ta ce. "Tun yaushe?"

"Tun damanar bara. Kuma kak ki yi min kuka gaban mutane."

Sanda ya rasa inda zai sa idonsa. Ba wanda ya sake ambatar sikeli.

Ba a yi doguwar magana ba, sai asibitin Kaura. Ta shiga ta haɗa masa kaya a jaka, ya tsaya yana faɗa kan ta ninke masa riguna ba daidai ba. Zabirar ya ƙi bari a taɓa, ya rataya ta da kansa. Da aka ce a kira mota ƙofar gida ya ce ba a haife shi a mota ba, tasha zai je, kuma a kan kekensa.

Ya hau, ƙarfen ya yi ƙasa yatsa biyu. Ya bi hanyar tasha a hankali, yana zaɓen ramuka yana takawa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙunƙuni. Sai yau, sai yau da za a raba su, ɗan banzan ƙarfen ya ga damar yin taushi. Haladu na biye da shi a ƙasa riƙe da jaka da kwalin da ya tsince sifirin ya mayar ciki, don ya karɓi keken in an isa.

A bakin mota Muhtari ya sauko, ya miƙa masa kan keken ba tare da ya dube shi ba.

"A ɗora shi bisa, a tahi da shi Kaura. Kuma jan nan, kak ka yar. Aje min shi."

"To, Baba," in ji Haladu. Ya ciro jan sifirin daga kwali, ya goge shi, ya sa a aljihun gaba.